Usyk da mazan jiya: wa ya fi wa a damben masu nauyi?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhin wasanni ke zuwa muku daga nan Tahoua, babban birnin Adar, kuma yau a kan damben zamani za mu tattauna, ajin masu nauyi, inda ƙarti ke haɗuwa.

Abin da ya jawo maganar wata gardama ce da na tarar a wata fada, ba nisa da filin kokowa na Hamidine Maïdaré. Bayan isha'i ne, an sha shayi na farko, na biyu yana kan gawayi. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya jingine babur ɗinsa, ya ciro waya mai tsagaggen gilashi, ya kunna turmi na 9 na karawar Oleksandr Usyk ɗan Yukren da Tyson Fury ɗan Ingila. Kawuna suka haɗu a kan ƴar wayar nan. Da aka gama kallo sai ya ce shi a wurinsa magana ta ƙare: su Muhammad Ali da su Joe Louis da tsofaffi ke ta yabo, da a yau suke da ba su kai labari ba, don mazan yanzu sun fi su girman jiki, sun fi su horo, sun fi su likitoci. Can gefe akwai wani dattijo, tela ne, tabaransa ɗaure da zare. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, kai wanga kag gani, mu kuwa Ali munka gani. Ranar da yak kada Foreman ba a ma san za a haihe ka ba." Saurayin ya rusuna ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma ai karen bana shi ke maganin zomon bana."

Na tashi daga wurin da maganar a raina, na koma na duba alƙaluma, kuma abin da na gano shi nake so in faɗa wa saurayin nan da ire-irensa. Mutumin da ya kunna mana a waya, wato Usyk, shi ne babban mai ba tsofaffi shaida.

Ku saurari wannan. Tsawon Usyk mita 1 da santi 91. Tsawon Muhammad Ali mita 1 da santi 91. In suka miƙa hannuwa, faɗin ɗaya ne, santi 198. Wani abin mamaki ma, ranar haihuwarsu ɗaya, 17 ga Janairu, Ali a 1942, Usyk a 1987. Daren Kinshasa, 30 ga Oktoban 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki a ƙasar nan muna tsakiyar fama da fari, Ali ya hau sikeli da kilo 98, George Foreman da kilo 100. Shi kuma Usyk, a birnin Riyad, cikin watan Mayun 2024, kilo 101 ya yi. Wanda ke gabansa, Fury, tsawonsa ya haura mita 2, nauyinsa kusan kilo 119. Tazarar kilo 18 ke nan. To ga mutum mai ƙirar Ali sak, ya shiga tsakiyar ƙartin zamani, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwace duk kambun da ke hannunsu.

Shekaru masu yawa hujjar girman jiki ita ke yanke gardama. Tun daga Lennox Lewis, ta kan ƴan'uwan nan biyu na gidan Klitschko, Vitali da Wladimir, wanda ƙaramin cikinsu ya riƙe kambu daga 2006 har 2015 kafin Fury ya karɓe a Jamus, duk wanda ya yi sarauta mai tsawo dogo ne ƙato. Sai mutane suka ɗauka shi ke nan, zamanin matsakaita ya wuce, duk wanda bai kai kilo 110 ba ya nemi wata sana'a. Ni kaina na taɓa yarda da haka. Usyk ya rushe wannan zance a filin Tottenham da ke Landan a watan Satumbar 2021, ranar da ya yi turmi 12 yana koya wa Anthony Joshua darasi a gaban jama'arsa. Na san mutanenmu da yawa sun kwana da baƙin ciki a daren, don Joshua ɗan asalin Shagamu ne a Najeriya, muna masa kallon na gida. Amma gani ya kori ji.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1919 Jack Dempsey, mai kilo 85, ya yi wa Jess Willard mai kilo 111 dukan da har yanzu ake labarinsa. A 1935 Joe Louis, yana da kilo 89, ya gama da Primo Carnera na Italiya mai kilo 118 a turmi na 6. Ƙaramin goro ya fi babban dutse, in ji Hausawa. Zan yarda da saurayin nan a abu guda: mutum kamar Rocky Marciano, wanda ya yi karawa 49 ba a taɓa cinsa ba, nauyinsa wajen kilo 85 ne, da yau ne ma ba a ajin masu nauyi za a sa shi ba, kuma zai sha wuya ƙwarai kafin hannunsa ya kai haɓar mutum irin Fury. Amma Ali, Foreman, Sonny Liston, Larry Holmes, waɗannan babu mai ce musu ƙanana.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda Usyk ke dambe, don abin kallo ne. Bahago ne. Ƙafarsa ta dama kullum tana neman bayan ƙafar hagun abokin karawa, ta yadda in ya saki hagu za ta tafi kai tsaye ta tsakiyar hannuwa. Hannun damansa ba ya hutawa, yana taɓa safar wancan, yana zungura, yana ruɗi, kamar mai gwada zurfin rijiya da tsakuwa. Ba ya barin ƙato ya tsaya ya numfasa. Duk wanda ya taɓa kallon kokowa a filin nan namu ya san irin wannan ɗan kokowa, wanda ba ya yarda a rungume shi, sai ya yi ta kewaya ƙato yana jan hannunsa har gwiwoyi su fara rawa, sannan ya shiga. A karawar Riyad, Fury ya yi kyau a tsakiyar wasa, har ya girgiza Usyk a turmi na 6, mutane suka fara cewa girma ya yi halinsa. Sai ga turmi na 9. Hagu guda ta sauka a fuskar Fury, ƙafafunsa suka saki, ya riƙa tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, Usyk na biye da shi, har igiyar ce ta hana shi kaiwa ƙasa, alƙalin wasa ya shiga ya fara ƙirga. Ƙararrawa ce ta cece shi. Alƙalan maki biyu suka ba Usyk, ɗaya ya ba Fury. Da aka sake haɗuwa a watan Disamba na shekarar, dukansu uku Usyk suka ba, 116 da 112. Da nasarar watan Mayun nan ce ya zama mutum na farko tun bayan Lennox Lewis a 1999 da ya haɗa duk kambun masu nauyi a hannu ɗaya.

Akwai kuma abin da nake so dattijon nan tela ya amince da shi, da dukan girmamawa. Baba, yaron nan ba a gida ya ci sarautarsa ba. Tun yana ajin da ke ƙasa, na waɗanda ba su wuce kilo 90 da ɗoriya ba, garin mutane yake bi. Ya je Polan ya ci ɗan Polan, ya je Berlin ya ci na Jamus, ya je Riga ya ci Mairis Briedis, ya je Mosko a 2018 ya ci Murat Gassiev alhali ƙasarsa Yukren da Rasha ba sa ga maciji, ya je Manchester ya buge Tony Bellew. A watan Yulin 2025 ya shiga Wembley ya kai Daniel Dubois ƙasa a turmi na 5. Duk ɗan kokowar da ya taɓa zuwa wata jiha, makaɗan gari na zuga ɗansu, jama'a na ihu a kansa, ya san nauyin wannan. Sannan lokacin da yaƙi ya ɓarke a 2022 ya koma gida ya shiga cikin masu tsaron ƙasa, daga baya ya fito ya je Jidda ya sake cin Joshua. Irin wannan zuciya ba ta da zamani.

Ga kuma batun bahagonci. Mazan jiya ba su saba da bahago ba, don a da masu shirya wasa gudunsu suke yi. Sai a 1994 aka samu bahago na farko da ya riƙe babban kambun masu nauyi, Michael Moorer, da ya ci Evander Holyfield. Ali kansa, a ganiyarsa, da ya haɗu da bahagon Jamus Karl Mildenberger a Frankfurt a 1966, sai da aka kai turmi na 12 kafin a tsayar da wasan. Mildenberger kuwa ko kusa bai kai Usyk ba. Saboda haka duk wanda ya ce Ali zai yi wasa da Usyk kamar kyanwa da ɓera, son zuciya ne ke magana.

To amma in tambayar ita ce wa ya fi girma a tarihi, nan ne nake rabuwa da samari, kuma ba na jin kunyar faɗi. Ba a auna ɗan dambe da abin da muke zaton zai iya. Da mazan da ya gamu da su ake auna shi, da kuma yawan lokutan da ya fito fage. Daga shigowar Usyk ajin masu nauyi a 2019 zuwa daren Wembley na 2025, karawa 8 ya yi, kuma 6 daga ciki da mutum uku ne: Joshua sau biyu, Fury sau biyu, Dubois sau biyu. Joe Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, a cikin shekarar 1941 kaɗai sau 7 ya fito. Ali a 1966 sau 5 ya kare nasa, a Kanada, a Ingila, a Jamus, a Amurka. Ba laifin Usyk ba ne, haka sana'ar ta koma. Hukumomi huɗu ne yanzu, kowace da kambunta da dokarta, gidajen telebijin da masu zuba kuɗi, musamman na Saudiyya a ƴan shekarun nan, su ke cewa ga ranar da za a yi, sai zakara ya shekara bai fito ba fiye da sau ɗaya ko biyu. Amma ko laifin waye, littafin Usyk bai kai nasu kauri ba.

Ku dubi waɗanda Ali ya gamu da su. Liston, wanda kowa ke tsoro, a 1964. Floyd Patterson. Joe Frazier sau uku. Ken Norton sau uku, wanda ya karya masa muƙamuƙi a 1973 amma Ali ya ƙarasa wasan a tsaye. Ron Lyle, Earnie Shavers, masu hannu kamar guduma. Sai Foreman, wanda kafin Kinshasa ya kai Frazier ƙasa sau 6 cikin turmi 2, ya gama da Norton shi ma a turmi na 2. Wannan dodon Ali ya jingina da igiya ya bari ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kwantar da shi a turmi na 8, gab da asuba, jama'ar Kinshasa na ihu da yarensu cewa ya kashe shi, kalmar da mu ma muke amfani da ita a damben gargajiya in an kai mutum ƙasa. Kuma don ku san wane ne Foreman, bayan shekara 20 da wannan dare, yana da shekara 45, ya dawo ya buge Michael Moorer ya sake karɓar kambu. Dattijo daga zamanin Ali ya zo ya kwantar da zakaran wani zamani. Allah ya karɓi ransa a watan Maris na 2025.

Yanzu ku ɗora abokan karawar Usyk a kan wannan sikeli. Fury gwani ne, babu musu, amma wata bakwai kafin ya haɗu da Usyk, Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda a hanyarsa ta zuwa Turai ta cikin ƙasarmu ya ratsa, kuma ranar ce karawarsa ta farko a damben boksin na ƙwararru, ya kai shi ƙasa a turmi na 3, da ƙyar Fury ya sha da maki. Joshua kuma Andy Ruiz ya riga ya buge shi a New York tun 2019. Ba raina su nake yi ba. Cewa nake yi ba su kai Frazier da Foreman ba.

Samari suna yawan cewa ai Usyk ba a taɓa cinsa ba, Ali kuwa sau 5 ya faɗi cikin karawa 61. Mu nan Nijar bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Tun da aka fara gasar takobi a nan Tahoua a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka, wane gwarzo ne bayansa bai taɓa ƙasa ba? Irin wannan gardamar muke yi duk shekara: samari su ce Issaka Issaka na Dosso, mai takobi 6, babu kamarsa, dattawa su ce ina kuka bar Salma Ɗan Rani, ina kuka bar Kadade namu na Adar. Babu wanda ke cire mutum daga sahun maza don ya taɓa faɗuwa. Abin da ake tambaya shi ne wa ya kada shi, kuma da ya tashi me ya yi. Frazier ya ci Ali a 1971, Ali ya dawo ya ci shi sau biyu. Norton ya ci shi, ya rama. Leon Spinks ya karɓe kambunsa a 1978, bayan wata bakwai ya je ya karɓo abinsa yana da shekara 36. Faɗuwa biyu na ƙarshe kuwa, hannun Holmes da Trevor Berbick, jiki ya riga ya gaji, bai kamata ma a bar shi ya shiga fage ba.

Kada kuma mu manta an ƙwace wa Ali shekara uku da rabi, daga 1967 zuwa 1970, daga yana ɗan shekara 25 zuwa 28, lokacin da jikin ɗan dambe ke kan ganiyarsa, saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Ya zaɓi aƙidarsa ya bar kambu da dukiya. Wannan, da musuluntarsa, da yadda ya tsaya kai da fata sai an kira shi da sunansa na Musulunci, shi ya sa tela a Tahoua da bai taɓa taka Amurka ba yake maganarsa kamar ɗan'uwansa na jini. A zamanin nan ne mu ma dambe ya ɗaga sunanmu: Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a gasar Olamfik ta Munik a 1972, lambarmu ta farko, kuma sai da aka yi shekara 44 kafin Abdoulrazak Alfaga ya kawo ta biyu daga Rio a wasan tekwando. Ina fata saurayin nan mai waya ya riƙe sunan Daboré kamar yadda ya riƙe na Usyk.

Hukuncina ke nan: Usyk ya cancanci tabarma a majalisar manya, a zauna da shi a yi hira ba tare da kowa ya ce wa ya gayyato shi ba. Shi ne gwanin zamaninsa, kuma tun bayan Lewis ban ga kamarsa ba. Amma Ali da Joe Louis suna gaba da shi.

In kuwa kuka matsa mini da tambayar da fada ta fi so, wato in an haɗa su wa zai ci, zan faɗi ra'ayina, ra'ayi ne kawai. Mike Tyson na 1986 zuwa 1988, wanda ya zama zakara yana ɗan shekara 20, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, zai zama bala'i ga Usyk a turmi huɗu na farko. In Usyk ya tsallake su, ni shi zan ba. Holyfield, wanda shi ma daga ajin ƙasa ya hauro ya haɗa kambu a 1990, wasan zai yi kusa ƙwarai, kowa na iya ɗauka. Lewis yana da girman Joshua da basirar da Joshua bai kai ba, wannan zan ba Lewis da ƙaramar tazara.

Wanda na fi jin tsoro wa Usyk shi ne Joe Frazier, gajere, wanda ba ya ja da baya, yana shigowa kansa na lilo, yana sassaƙar haƙarƙari da ciki. Masu kallo da kyau sun daɗe da lura cewa Usyk ba ya son duka a ciki. A Polan a 2023 Dubois ya sa masa hannu a turmi na 5, ya zauna ƙasa kusan minti huɗu, alƙali ya ce naushin ya sauka ƙasa da ƙa'ida, har yau ana gardama a kai. Frazier kuwa wannan wurin shi ne gonarsa. Sannan a zamaninsu turmi 15 ake yi. Bayan rasuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim a 1982, sakamakon dukan da ya sha a hannun Ray Mancini, hukumomi suka rage zuwa 12, kuma daidai suka yi, ba na fatan a koma. Mun ga abin da karawar Manila ta yi wa Ali da Frazier a 1975, turmi 14 cikin zafi, idanun Frazier sun kumbura sun rufe, sai da mai horar da shi Eddie Futch ya hana shi tashi. Mun ga yadda Ali ya ƙare rayuwarsa hannuwa na karkarwa. Amma in ana gwada zamani da zamani, dole a sa waɗannan turmi uku a lissafi, don ba a san maci tuwo sai miya ta ƙare. Usyk yana da numfashi, ƙila ma da sun yi masa daɗi. Sai dai a Madison Square Garden, ranar 8 ga Maris 1971, a turmi na 15 ne Frazier ya lanƙwaso hagun nan tasa kamar lauje ya kai Ali ƙasa, Ali ya miƙe kafin alƙali ya ƙirga biyar, muƙamuƙinsa a kumbure, ya ƙarasa wasan. Usyk kuwa bai taɓa jin ƙararrawar turmi na 13 ba.